Kan Tarwada a Wangsa Maju

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na miƙe tsaye a gidan abincin 'yan Thailand a Wangsa Maju, wata unguwa a birnin KL, ina nuna faranti da yatsa ina cewa "Mana ikan?" ba. Wato ina kifin. Iyakar Malay ɗin da na tara a shekara uku ke nan, kuma a wannan azahar na ƙarar da shi.

Zainab nake nema, tana masters a jami'ar da ke titin Jalan Semarak. Yayanta Auwal ya shigo KL saro kaya, Abbansu ya ce in ya zo ya duba masa yaron nan. Ka ga duk abin da Yaya ya kai Kano, shi ne ni. Sai na ce zan kai su makan, wato cin abinci, bayan Juma'a, a ga ɗan gari.

Ban taɓa shiga wurin ba (kullum dai ina wucewa ta ƙofarsa in na sauka daga jirgin ƙasa na LRT, a wurina wannan ma sani ne). Na ga wani salak na kifi a menu, na tambayi waya a ƙarƙashin tebur, ta ce tarwada ce. Shi ke nan baki ya buɗe.

"Yaya, mu 'yan Haɗeja a kan kifi aka yanke mana cibiya. In ta zo, kan naka ne. Yaro ba ya cin kai a gaban babba."

Ya ce, "To, Allah ya kawo ta."

Aka kawo. Wani abu ne ja-ja, buzu-buzu kamar an soya soson wanka, an watsa gyaɗa a kai, ga ɗanyen mangwaro sirara-sirara da albasa da barkono a kwano daban. Na ɗaga soson da cokali, ba kifi. Na tona, ba ko ƙaya. Zainab ta taka min ƙafa, ni kuwa na ɗauka cewa take kar ka yarda.

Raina ya ce an ga baƙi ne, an kwashe kifin an kawo mana guggubin kasko. A gaban suruki! Nan na miƙe.

Mai wurin ta fito, wata dattijuwa da ɗan hijabinta. Ta nuna soson ta ce, "Ini ikan lah," wai ai kifin ke nan. Na ce mata da Turanci, har na ƙarshen layi na ji, a garinmu kifi yana da kai da jela. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce "Boleh, boleh," wai ba damuwa, ta shige kicin.

Na zauna ina gyara hula. "Haka ake musu, Yaya. In ka yi shiru sai su ci da haƙƙinka."

Sai ga ta da ƙaramin faranti: kan tarwada gasasshe, gashin bakin ya babbake, ƙayar baya tsirara. Ta dire a gabana. Ta shiga nuna min da hannu yadda ake gasa kifin, a zare tsokar, a marmashe, a watsa a tafasasshen mai ya kumbura. Jama'a, dambu! Ƙanin dambun kifin da Hajiyarmu ke cusa min a jaka duk tahowata.

Na waiga, ashe Yaya ya juye mangwaron a kai har ya ci rabi, yana ƙurus-ƙurus.

"Duk zuwana Bangkok shi nake ci," in ji shi. "Wallahi na zaci wasa kake." Ya turo min farantin. "Ɗan Haɗeja, ka ce kai na babba ne. Yau kai ne babba, bismillah."

Na tsotse shi tas, ido na hawaye, na ɗora laifin a kan barkonon da ban ma taɓa ba.

Bayan kwana huɗu Zainab ta turo min voice note ɗin rahoton da Yaya ya kai gida: "Abba, yaron ba ya yarda a cuce shi, ko da ba a cuce shi ba." Abba ya yi dariya har da tari, ya ce in turo magabata. Sai dai yanzu kaf gidansu, har Umma, Mana Ikan suke kirana.

Tun daga nan, in aka kawo abin da ban sani ba, sai in bar babba ya fara sa hannu, a ce ina da ladabi. Ku fa, don Allah, wane abinci ne ya taɓa tona muku asiri a gaban surukai?