Koke ga Mai Girma Ɗunɗu, Mazaunin Gonata ta Katabu

Zuwa ga Mai Girma Ɗunɗu,
Jagoran Itatuwan Ƙaya,
Gonata, bayan Katabu.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da suka cika gonar maƙil, ni ne Rilwanu, ma'aikacin gwamnatin nan da ke zuwa ran Asabar ya tsaya a bakin gona riƙe da ƙugu. Ƙarshen watan nan zan yi ritaya, kuma wannan gonar ce kaɗai na tanada don ciyar da iyalina. Shi ya sa na ga ya kamata in bi tsari, in rubuto maka.

Na ɗaya. Lokacin da na sayi gonar kana can lungu, ɗan tsiro abin tausayi. Na sa aka sare ka da adda cikin mutunci. Damina na sauka ka dawo da ƙannenka. Na sa aka cinna maka wuta, ka dawo da dangin uwa da na uba. Ranka ya daɗe, a wace ma'aikata ake korar mutum ya dawo da ƙarin girma?

Na biyu. Ka yaga mini babbar rigar da nake zuwa ɗaurin aure da ita. Maiɗakina Sa'adiya ta ce duk wanda ya shiga gona da babbar riga shi ya jawo wa kansa. Ban gamsu da wannan hukunci ba.

Na uku. Ba ka san iyaka ba. Saiwarka ta bi ta ƙarƙashin ƙasa ta ɓullo a gonar maƙwabcina Alhaji Sulaiman. Shi ya rantse daga wajena ka shiga, ni kuma na rantse daga wajensa ka fito. Yanzu ko a masallaci muka haɗu, da yatsu biyu yake ba ni hannu.

Na huɗu, kuma nan ne zuciyata ta fi ƙuna. Malam Haruna, malamin gona, ya kira duk masu gonakin yankin don a koya mana yadda za mu rabu da kai. Ya bayyana cewa sara ba ya yi maka komai sai daɗi. Dole a tono saiwarka da diga, duk gonakin a lokaci guda, sannan a riƙa bin toho ana tugewa har ka gaji. Mu kuwa manyan ma'aikata ne, mun san yadda ake halartar taro: kowa ya aika wakili. Alhaji Sulaiman ya tura direbansa. Hajiya Ladidi, mai gonar gabas, ta tura ƙanen mijinta da saƙon fatan alheri. Ni kaina, Audi masinjan ofishinmu ne ya wakilce ni, kuma shi ya kawo mini duk wannan bayani, ya tabbatar an yi taro lafiya an tashi lafiya. Yau a duk Kaduna babu waɗanda suka iya kashe ka kamar direbobi da masinjoji, kuma ko ɗaya a cikinsu ba shi da gona a Katabu. Sai muka kafa kwamiti. Har yanzu ana neman ranar da kowa zai samu sukunin zama.

Wa ya tsegunta maka, ranka ya daɗe? Don a makon nan ne ka fitar da furanni, rabi ja-ja rabi rawaya, kamar mai shirin biki.

Ba zan ɓoye maka ba, ina jin tsoro. Fansho kan yi jinkiri, cikin yara kuwa ba ya jira. In damina ta same ka a gonar nan, ban san abin da Sa'adiya za ta ɗora a wuta ba.

Saboda haka nake sanar da kai cikin ladabi: na sayi diga, na roƙi Malam Haruna ya sake darasin daga farko. Daga wata mai kamawa ba ni da ofis, ba ni da masinja, ba ni da wanda zan aika. Da kaina zan zo, kullum, kuma ba ni da wani wurin zuwa.

Allah ya ja zamaninka, amma ba da yawa ba.

Naka mai biyayya har zuwa ƙarshen wata,
Rilwanu Tukur,
Kurmin Mashi, Kaduna.