Cindo da Jinin Inna Dije

A ƙauyen Rugar Tsamiya akwai wani mutum, Cindo, da ke zaune da mahaifiyarsa Inna Dije da matarsa Lantana. Mutumin kirki ne, sai dai duk abin da ka faɗa masa haka zai aikata shi, ba ragi ba ƙari. Ni kaina na daina aikensa tuntuni. Shekarar korona sai Inna ta kwanta da zazzaɓi da tari, hankalin Cindo ya tashi, don duk duniya ba shi da kamarta.

Wata rana Malam Sabi'u, ma'aikacin lafiya na ƙauyen, ya ɗebi jinin Inna a 'yar kwalba, ya ce, "Ka kai asibitin gari. Akwai abin da ke ƙaruwa a jini idan ciwon ya yi tsanani, shi za su auna. Ka riƙe ta cikin sanyi." Cindo ya duba gidan kaf, ba abin da ya kai randar Lantana sanyi. Ya jefa kwalbar ciki, ya ɗora randar a ka, ya taka har gari. Ran nan da ruwan maƙwabta aka yi tuwo.

Wata rana sakamako ya fito, an rubuta ashirin. Malam Sabi'u ya ce, "Da sauƙi. Amma ka sa ido a kan lambar nan. In ta haura ɗari, akwai haɗari." Cindo ya shimfiɗa tabarma, ya danne takardar da dutse, ya zuba mata ido. Kwana uku bai je gona ba, awaki suka yi biki a wakensa.

"Maigida, me kake gadi?" in ji Lantana.

"Yi shiru, kar ta motsa ban gani ba."

Wata rana Malam Sabi'u ya biyo, Cindo ya tare shi da murna: "Tana nan a ashirin!" Malam ya dafe kai. "Takarda ba ta canzawa, Cindo. Sai an sake kai jinin Inna gari." Ya hau babur ya tafi rigakafi, da niyyar dawowa jibi ya ɗiba. Cindo ya tsaya yana tunani. Jinin Inna dai yana jikin Inna. Ya ari amalanke, ya shimfiɗa katifa, ya cicciɓi Inna ya ɗora a kai.

"Sauke ni, ɗan nan! Na ce maka na ji sauƙi!"

"Yi haƙuri, Inna, ba ke zan kai ba, jininki ne."

A asibiti aka auna, lambar ta kai ɗari da sittin, iskar jikin Inna kuma ta yi ƙasa sosai, ita ba ta ma sani ba. Nan take aka ba ta gado, aka sa mata abin numfashi. Likita ta ce da an jira jibi, da wuya a ga Inna. Cindo ya zauna a ƙasa yana hawaye.

"Wa ya ba ka shawarar kawo ta?" in ji likita.

"Ba kowa. Jini aka ce in kawo, ni kuwa ban iya fitar da shi ba, sai na kawo shi a mazubinsa."

Inna ta janye abin numfashin da ƙyar. "Ni ce mazubin? To, Allah ya yi maka albarka, wawana."