Yadda Buɗe-Baki Ya Yi wa Tsohon Katun Ƙawanya

Da sunan Allah Mai rahama, wanda Ya yi wa rago haƙori don kada mai saye ya cutu. Wannan labarin sadauki ne ɗan sadauki, bajimin dillalan karar Wudil, kasuwar dabbobi, ɗan Ɗanjuma Mai'awo wanda ya taɓa mayar da buhun gero saboda tsakuwa uku, jikan Tanko Gagare wanda ya yini yana cinikin allura, tattaɓa-kunnen Nomau na Bakin Gulbi, wanda aka ce ko ruwa aka ba shi kyauta sai ya ɗaga ƙwaryar ya duba gindinta. Sunansa na yanka ba kowane baki ne zai iya faɗa ba, bare bakin da ya san kunya. A kara dai Buɗe-Baki ake ce masa, domin babu rago, babu tunkiya, babu akuyar da ta taɓa giftawa ta gabansa bai cafke ta ya buɗe bakinta ya duba shekarunta ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa kabarinsa ya fi rumfarsa sanyi.

Buɗe-Baki, dodon masu kaya! Guguwa mai kwance rawanin mai tsada! Na Hansai, ba ka saye sai ka gani, ba ka biya sai an rage!

Wannan kirari ba ƙarya ba ne. Shekara arba'in yana cin kasuwa, bai taɓa sayen abin da bai duba ciki da bai ba, kuma bai taɓa biyan kuɗin da aka fara faɗa ba. Wannan suna shi ne gonarsa, shi ne rumbunsa, shi ne abin da ya gada. In yana ciniki fuskarsa kamar ƙofar gidan da masu shi suka yi tafiya. Yakan ce, mai saye in ya yi murmushi, kuɗi ya hau.

Asalin yaƙin kuwa, uwargidansa Hansai ce ta zame a bakin rijiya ta karye a ƙafa. Maɗori ya ɗaure, ya ce kwana arba'in ba motsi. Kafin mako ya zagayo ta haddace azarar ɗakin da duk ƙadangarun da ke cikinta. Ran nan da hantsi ta ce, "Malam, da za ka samo min wani tsohon katun na Japan, fim ɗin zane, wanda na gani a gidan ƙanena a Kaduna shekarun baya. Wata yarinya ce mai manyan idanu, tana yawon duniya ita da wata dabba, sai kuma..."

"Ya isa!" in ji gwarzo, ya ɗaga hannu. "Wanda ke gane ɓatacciyar tunkiya da jin kukanta ba ya bukatar dogon bayani."

Sai ya miƙe ya yi shirin fama. Ya sa sulkensa, wato tsohuwar rigar nan mai aljihu uku, ya ɗora kwalkwalinsa na hula ƙube, ya maƙala tabarau wanda aka ɗaure hannunsa ɗaya da zare, ya cusa goro biyu na guzuri, ya haye ingarmansa, keken da feda ɗaya ta zama ƙarfe zalla, ya fita daga gida fitar da kaji suka watse, ya ratsa unguwa, ya keta kwata biyu, ya gewaye tasha, bai ja linzami ba sai a ƙofar shagon Isiyaku Maifaifai.

Shi Isiyaku magidanci ne mai gemu da sauƙin kai, bai san ranar nan ce ranar jarrabawarsa ba. Da ya ji bayani sai ya durƙusa ƙarƙashin teburin shago ya zaro wani kwali da ya sha zama. Faifai goma sha uku ne a ciki, kowanne kashi huɗu. A jikin kwalin ga yarinya mai idanu kamar faranti, gashinta kore, gefenta wata akuya.

"Baba, wannan tsohon hannu ne, an fassara shi da Hausa. Yanzu ba a yin irinsa." Ya faɗi kuɗi, kuɗin da ko na kaza bai kai ba.

Buɗe-Baki ya juya kwalin, ya shinshina shi, ya ɗaga faifai ɗaya ya haska a rana. Sannan ya yi kirarin yaƙinsa: "Buɗe masa baki!"

Isiyaku ya sa faifan farko a bidiyo, hoto ya fito a 'yar talabijin ɗin gwaji. Bayan ɗan lokaci ya kai hannu zai kashe. "Ka ga yana kamawa, Baba."

"Kai, ɗan nan, ka taɓa sayen rago don ka ga wutsiyarsa? Bar shi."

Ya ja benci ya zauna. Nan aka kafa sansani.

Ya ku masu sauraro, an yi ƙawanya a duniya, an kewaye birane har mutanen ciki suka ci jakunansu, amma ba a taɓa yin irin wadda aka yi wa shagon Isiyaku ba. Kullum bayan Azahar sai ga sadauki ya jingine keke, ya zauna, ya ce a sa na gaba. Faifai ɗaya a rana, ba daɗi ba ragi, kuma bai bar aibi ko ɗaya ya wuce bai faɗa da ƙarfi ba don mai kaya ya ji. Ya ce kalar ta koɗe kamar zanen da ya sha wankin shekara goma. Ya ce bakin mutanen yana ta motsi bayan magana ta ƙare. Ya gano mutum ɗaya ne yake yi wa kowa murya, sarki da bawa da yarinyar kanta, kuma mura yake yi. Da ya ga kowane kashi sai an yi waƙa, an kuma maimaita abin da ya faru a baya kafin a ci gaba, sai ya girgiza kai ya ce, "Rabin ragon nan gashi ne." Rana ta biyar kuwa wasu barade biyu suka tsaya suna zare wa juna ido suna ihu tun daga farkon faifai har ƙarshensa, ba wanda ya taɓa wani.

"Ku daki juna mana!" ya daka musu tsawa. "Da a kara ne da tuni an raba ku an tafi salla!"

Labarin dai na 'yar wani maƙeri ne. Sarkin wani tsibirin ƙanƙara ya sace ubanta don ya riƙa ƙera masa makamai, ita kuma ta bi sawu, ba ta da kowa sai tsohuwar akuyar gidansu, wadda mai fassara ya raɗa wa suna Kyalla. To ta nan ɓaraka ta shigo. A rana ta shida akuyar ta tsaya tana tuƙa, ta karkata kai, ta kaɗa kunne ɗaya. Buɗe-Baki ya miƙe tsaye.

"Tsayar! Mayar baya!"

Aka mayar. Ya matso har tabarau ya kusa taɓa gilashi. Ya ce a hankali, "Wanda ya zana akuyar nan ya yi kiwo." Sai ya tuna a gaban wa yake, ya haɗe rai, ya ce, "Amma ƙafarta ta baya gajera ce."

Isiyaku bai zauna haka nan ba, shi ma ya kai hare-hare. Ran nan da aka ɗauke wuta ya ce janareto ba mai. Sadauki ya zauna yana kallon baƙin gilashi kamar mai zaman makoki, har kunya ta kama Isiyaku ya je ya ja igiya. Washegari ya ɓoye benci, sadauki ya zo da buzunsa. A rana ta tara Isiyaku ya ɗaga tutar sulhu, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, don girman Allah ka ɗauka kyauta. Na bar maka duniya da lahira. Mata sun daina shigo min shago."

"Kyauta? Ni ka ga na yi kama da mai roƙo? Kaya zan saya, kuma sai na ga ƙarshen haƙorinsa. Sa na tara."

Labari ya kai kara. Ranar Juma'a, ranar da kasuwa ke ci, aka ga rumfar Buɗe-Baki wayam bayan an sauko daga masallaci, abin da ba a taɓa gani ba. Dillalai suka biyo sawu ɗaya bayan ɗaya, suka yi sahu a ƙofar shago, wai sun zo ganin yadda za a karya farashi. Kafin kwana biyu su ma sun san sunan akuyar.

A gida kuwa kullum Hansai sai ta tambaya. "Malam, ina katun ɗin nawa?"

"Ana duba haƙori."

"Haƙorin nan na kada ne? Ƙafata fa za ta warke."

Bai taɓa gaya mata ko kalma ɗaya daga labarin ba, domin dillali na ƙwarai ba ya zancen kaya sai ciniki ya faɗa.

Sai rana ta goma sha uku ta zo, ranar da alƙalami ya bushe a kanta. Shago ya cika maƙil, dillalai har bakin titi. Buɗe-Baki ya zauna a kan buzu, ya shirya tayi mai zafi a cikinsa, rabin kuɗin da aka faɗa, da aibobi ashirin da zai kafa hujja da su. Aka sa faifan ƙarshe. Yarinya ta iso tsibirin, sanyi ya kayar da ita, ƙafafunta suka ƙi tafiya. Tsohuwar akuya ta durƙusa, ta ɗauke ta a baya, ta dinga hawa dutsen ƙanƙara tana zamewa tana tashi, tana zamewa tana tashi, har ta dire ta a ƙofar maƙerar da aka tsare uban. Aka buɗe ƙofa, uba ya rungume 'yarsa. Da suka waiwaya, akuya tana kwance. Yarinyar ta dafa ta, mai fassara ya ja majina, ya ce da 'yar siririyar murya, "Kyalla, tashi mu tafi gida."

Kyalla ba ta tashi ba.

Sai aka ji wata ƙara kamar ana jan ƙofar langalanga. Mutane suka duba janareto, ba shi ba ne. Buɗe-Baki ne. Mutumin da ya miƙa dubban raguna ga mahauta yana tauna goro, mutumin da ko a layya bai taɓa kau da kai daga wuƙa ba, ga shi hawaye na bin gemunsa, tabarau ya yi hazo, kafaɗu na rawa, a kan akuyar da aka zana da fenti a Japan. Kuma a gaban mai kaya, a gaban shaidu sama da ashirin, ya buɗe baki ya faɗi maganar da ba a taɓa ji daga gidansu ba tun zamanin Nomau na Bakin Gulbi.

"Wallahi kaya ya yi kyau."

Dillalai suka ɗauki salati. Ya sa hannu a aljihu na uku, na can ciki, ya zaro kuɗi daidai yadda aka faɗa ranar farko. Isiyaku da kansa ya tsorata, ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Baba, ka taya mana, ko don mutane. Ka faɗi ko nawa ne, zan ce na sallama."

"Ba a taya Kyalla," in ji shi, ya danƙa masa, ya rungumi kwali ya fita. Sahun dillalai ya dare masa hanya, wasu suna share ido da bakin riga suna cewa hayaƙin janareto ne. Haka sunan shekara arba'in ya faɗi a rana ɗaya, a bayan tasha, tsakanin mai faci da mai rake.

Ya iso gida kafin La'asar ta yi sanyi, ya rasa tuta amma ya zo da ganima. Ya ɗauko talabijin da bidiyo da hannunsa ya kai ɗakin Hansai, ya gyara mata matashi, ya sa faifan farko, ya koma gefe ya harɗe hannu yana jiran godiya. Aka yi waƙa. Yarinya ta fito. Akuya ta biyo ta.

"Malam, wannan akuyar fa?"

"Kyalla ke nan. Ki dai riƙe zuciyarki."

Hansai ta ƙura ido, ta ɗan karkata kai. Ta ce, "Ai ba shi ba ne. Tawa yarinyar da agwagwa take yawo."

Waƙar Japan ta ci gaba da tashi. Gwarzo ya dubi talabijin, ya dubi kwali, ya dubi ƙafar da aka ɗaure.

"Duk idanunsu iri ɗaya ne," ya ce daga ƙarshe. "Matsa min."

Ya zauna a bakin gado. Kafin a gama kashi na biyu barci ya kwashe Hansai, shi kuwa yana nan ya zuba ido kamar bai taɓa gani ba, yana taɓa ta da gwiwar hannu yana cewa, "Ke, rage minsharin nan, yanzu za su hau jirgi."

Na agwagwar dai har ya koma ga Ubangijinsa ba a samo ba, ita ma ba ta sake tambaya ba. Masu son sanin ko tsohon katun ɗin nan ya cancanci saye, su nemi wani su tambaya, domin Hansai takan sa shi wani lokaci da rana, amma har yau ba ta wuce kashi na biyu ba, barci ke ɗauke ta. Sai dai yanzu babu mai ce mata ta rage minshari.