Safar Hannun da Na Saya wa Inna

Ba zan taɓa mantawa da sanyin shekarar da na haifi yaron nan ba. Ko na so in manta ma, matan gidanmu ba za su bari ba.

Mu a wajen Doguwa, idan sanyi ya sauko ba da wasa yake zuwa ba. Ka sa hannu a ruwan randa da safe, sai ka ji kamar an yanke ka da reza. Kowa yana ji a jikinsa, amma ba kamar Inna ba, mahaifiyar mijina. Ita yatsunta ne suke yin fari-fari kamar an shafa musu toka, su sandare, ta ce ba ta jin su sam. Carbi ma suɓucewa yake daga hannunta. Sai hantsi ya ɗaga sosai sannan su dawo, da zugi.

Ga ta kuma da son jikanta kamar me. "Angona" take ce masa (shi ɗan fari ne a wurina, ba na kama sunansa, sai ku yi haƙuri da "yaron"). Wata safiya ta miƙo hannu ta karɓe shi, tafinta ya taɓa bayansa, sai ya callara ƙara kamar an tsikare shi. Ni kuwa sarauniyar tsoro, kafin in yi tunani har na fizge shi. A gaban mutane! Ɗan farin da ya kamata in yi kamar ban san da zamansa ba. Inna dariya kawai ta yi, ta ce, "Ango ya ƙi tsohuwa." Amma daga ranar ba ta sake miƙo hannu ba. Sai dai ta leƙa fuskarsa tana yi masa wasa, hannayenta a cikin mayafi. Abin ya tsaya mini a rai, don na san ba kukan yaron ne ya hana ta ba, fizgar da na yi ce.

Ranar da na kai shi rigakafi Tudun Wada, bayan na gama yi wa malamar asibiti tambayoyina na kullum (me ya sa yake atishawa, me ya sa yau bai yi ba), sai na kawo maganar Inna. Ta ce jini ne ba ya isa yatsun sosai idan sanyi ya kama su, a kawo ta a duba ta, amma kafin nan a nema mata safar hannu.

"Ba mai yatsu biyar ba," in ji ta. "Irin wadda yatsu huɗu suke zama wuri ɗaya suna ɗumama juna, babban yatsa shi kaɗai a gefe. Mai kauri. Kada ta matse, matsi yana ƙara tare jini. Kuma ta rufe wuyan hannu."

Ni a aji huɗu na tsaya, amma idan aka gaya mini abu ina riƙewa. Haka na yi ta maimaitawa har layin 'yan gwanjo, yaro a baya: yatsu wuri ɗaya, kauri, ba matsi, wuyan hannu.

Na tone tulin kayan mutum uku. Duk ƙanana ne na yara, ko irin na 'yan acaɓa masu yatsu. Sai a wurin na huɗu, can ƙasa, na zaro ta. Ja ce, ta hagu da ta dama, an yi mata ɗinki gida-gida kamar katifa, da hoton wani ƙaton zakara a baya, tafin kuma yana ƙyalli kamar cikin ledar biskit. Na zura hannuna. Yatsu wuri ɗaya. Kauri, ba magana. Matsi? Hannu biyu ma sai su shiga. Wuyan hannu kuwa har ta wuce shi ta doshi gwiwar hannu. Zuciyata ta yi fari.

"Malam, wannan tana da ɗumi?"

"Ɗumi? Hajiya, wannan ko wuta ba ta ratsa ta. Sa ki kama garwashi ki gani."

Na ce a raina, abin da ya gagari wuta, ta ina sanyi zai bi?

"Wannan 'yar igiyar ta gefe fa?"

"Ta ratayewa ce idan an gama."

Allah ya sani, bawan Allahn nan bai yi mini ƙarya ko ɗaya ba.

Na wanke ta, na shanya, na durƙusa na miƙa wa Inna. Ta sa, ta jujjuya hannayenta tana kallon zakarun, ta ce, "Ikon Allah. Ashe Turawa ma suna da tsofaffi." Mijina ya leƙo ya ce kamar ta 'yan dambe, na galla masa harara ya ja bakinsa. Kullum daga sallar asuba har hantsi tana hannunta. Sai dai har yanzu ba ta ce a miƙo mata yaron ba, ni kuma nauyin in fara nake ji.

Bayan mako guda aka shiga bikin Rabi, ƙanwar mijina. Safiyar da za a tafi jere Kiru, mata suka cika tsakar gida don ganin kayan amarya kafin a loda. Duk wadda ta shigo, sai Inna ta ɗaga mata hannu biyu. "Kin gani? Yarinyar nan ce ta nemo mini. Sai da ta tambayi likita." Ni ina bakin murhu ina kwasar koko, kai a ƙasa wai kunya, amma kaina ya kusa fin tukunyar girma. Har mata biyu suka roƙe ni in samo wa iyayensu. Na ce musu sai dai a dace, irinta ba ta da yawa (ji mini fa, ni ce har da yanga).

Can sai ga Anti Hadiza, yayar mijina da take aure a Kano, da kwalayen kayan kicin. Ta gaida Inna a gurguje, lokacin Innar ta mayar da hannayenta cikin mayafi, ta wuce tsakiyar tabarma ta fara buɗewa. Ga fulas-fulas, ga tukwane masu murfin gilashi, ga injin markaɗe. Kowanne ta ɗaga sai a yi guɗa. Daga nan ta zaro wani abu shuɗi guda biyu, mai ɗinki gida-gida, tafinsa yana ƙyalli, da 'yar igiya a gefe.

Goggo Lami, ƙanwar Inna, ta ce, "Af! Amaryar ma tana da ciwon yatsun ne?"

"Wane ciwon yatsu, Goggo? Wannan ai ta sauke tukunya ce daga kan wuta, kada hannu ya ƙone."

 Ludayin da ke hannuna ya tsaya a sama. Kawuna suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya (mu da tsumma muke sauke tukunya, ko bakin zani, wa ya taɓa jin an ɗinka wa tukunya safa?). Inna ta dubi shuɗiyar, sannan a hankali ta fito da hannayenta daga mayafi. Jajayen zakaru biyu suka bayyana.

Anti Hadiza ta dafe ƙirji. "Inna! Me kike dafawa?"

Wallahi ban taɓa jin dariya irin wannan ba. Goggo Lami har da kwanciya a tabarma tana cewa, "Yaya, sauke mana tuwon, ya nuna!" Anti tana share hawaye ta ce wa ya saya. Hannaye sun fi ashirin suka nuno ni. Matan nan biyu da suka ba ni sautu su suka fi kowa ƙyaƙyatawa. Na ji kamar in shige tukunyar kokon in ja murfi.

Inna ta bari sai da suka lafa, ta ce, "Kun gama?" Ta cire safar ɗaya bayan ɗaya ta ajiye a cinya, ta dube ni. "Ke, kawo mini angona."

Na kwance goyon na durƙusa. Ta karɓe shi, ta zura tafinta a cikin rigarsa ta ɗora a kan tumbinsa. Na runtse ido ina jiran ƙara. Shiru. Da na buɗe, ya kama yatsanta yana ƙoƙarin kai wa baki.

"Wata biyu ban taɓa shi ba," ta faɗa ƙasa-ƙasa, kamar da shi take. Sai ta ɗaga murya. "Hadiza, waccan shuɗiyar ma ajiye mini ita. Rabi ta sauke da tsumma kamar yadda uwarta ta yi."

Aka sake fashewa, amma wannan karon har da ni, ina yi ina goge hanci da bakin mayafi.

Daga baya an kai Inna asibiti, Anti kuma ta aiko da ta ulu ta ainihi, mai laushi. Ita take sawa idan za ta unguwa. Ni kuma sunan "Mai Zakara" ya bi ni, har yaran maƙwabta.

Yanzu dai na koyi hankali. Duk abin da zan saya, kafin in tambayi kyansa ko ƙwarinsa, sai na fara cewa, "Malam, me ake yi da shi?" Rannan na yi wa mai tsintsiya wannan tambayar. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Hajiya, lafiya dai ko?"