Hoton da Na Kai Gidan Surukai

Ko na so in manta da ranar kai lefen Auta, zuciyata ba za ta bari ba. Ni ce matar da ake tsoro a unguwarmu a Daura, ba abin da ke wuce idona (haka dai nake taƙama). Ban taɓa zama a aji ba, amma ɗana Auta ya yi karatun kimiyya har ƙasar waje, ya dawo zai auri Rukayya, 'yar Mai'adua.

Ina gyara masa jaka na ga wani baƙin hoto: siririn abu a tsaye, ya tsuke nan da can, da ɗigo-ɗigon fari. Irin farin nan likita ya nuna mini a hoton ƙirjin babansa, kafin tarin fuka ya ɗauke shi. Ga Auta ya rame. Na shiga ɗaki na yi kuka, ban tambaye shi komai ba.

Lokacin an kafa shari'a, malamai na ta wa'azi cewa ɓoye ciwo a aure ha'inci ne. Uwar ango ba ta zuwa kai lefe, kowa ya sani. Ni kuwa na ɗauki hoton, na hau acaɓa na bi matan da suka kai lefen har can.

Ana cikin buɗe akwatuna na ɗaga hoton, na ce wa uwar amarya, "Hajiya, ba zan cuce ku ba. Ɗana ba shi da lafiya."

Rukayya ta fito daga ɗaki, ta durƙusa, ta karɓi hoton.

"Inna, ai aikinsa ne," ta ce a hankali. "Iska suke sakar wa lantarki mai ƙarfi a cikin na'ura, ta matse ta zama zaren wuta. Zaren ba ya tsayawa daidai, kamar na mai koyon kaɗi. Inda ya tsuke, nan zafi ke taruwa, shi ne farin nan. Dalilin tsukewar yake bincike."

Wata gwaggonta ta ce, "To Inna, mu kai na'urar asibiti ne?" Aka kwashe da dariya. Na rasa inda zan sa fuskata.

Da a nan ta tsaya, da sauƙi. Kafin magariba magana ta zaga gari cewa ango na da tari, uwarsa ce ta faɗa da bakinta. An yi gwaji, lafiyarsa ƙalau, amma dangin amarya suka ce uwa ba ta yi wa ɗanta ƙarya. Aka dawo da akwatuna.

Auta bai ɗaga mini murya ba. Cewa kawai ya yi, "Inna, ina gida fa ranar. Da kin tambaye ni."

Har yau bai yi aure ba. Na gane ido na gani, amma ba ya tambaya. Yanzu ko takardar ƙunshin ƙosai na tsinta, sai na nemi mai karanta mini kafin in buɗe baki.