Hancin Firmin da Muciyar Gari

"Wannan hancin da kuke gani," in ji Firmin, yana ɗora masa yatsa kamar mai nuna gadon kakanni, "ba a yi na biyunsa ba a duk ƙasar Brabant. Ku rufe mini ido, ku gifta da kofin giya ta bayan taga, in gaya muku gonar da aka noma alkamar, da ranar da aka yanke ta, da ko manomin ya yi faɗa da matarsa da safen."

Mai karatu, ni ba mace ce mai yawo da zancen mutane ba. A makarantar sistocin coci aka yi mini tarbiyya, kuma har na yi furfura ba a taɓa tsintar sunana a bakin masu tsegumi ba. Amma abin da ya faru a dandali, gaban Fada, limamin cocinmu, da jama'ar gari, ya wuce gulma, ya zama tarihi.

Shi Firmin ya yi shekara uku a birnin Brasels yana wanke kwalabe a kantin magani, ya dawo da gashin baki mai lanƙwasa da farar riga ta likitoci, yana sa ran a kira shi Dokta. Mu dai Sarkin Hanci muke ce masa. Ya auri Leontine, 'yar tsoho Odiel, wanda duk garinmu babu mai dafa farar giya kamarsa. Ta Odiel ba ta garau: wani farin gajimare ne ke yawo a cikinta, kumfa a kanta kamar auduga. Ƙamshin ɓawon lemu ne ke fara yi maka sallama, ƙwayar kusbara, ɗan kayan ƙamshin nan na girki, ta biyo baya a hankali, sai ɗan tsami-tsami ya rufe, ya bar harshe wasai. Duk shekara a bikin gari, gidan da giyarsa ta fi ana rataye masa tsohuwar muciyar katako a kan ƙofa. Shekara goma sha ɗaya muciyar nan tana ƙofar Odiel, har inuwarta ta yi zane a bango.

Ana saura sati biyar biki, Odiel ya faɗo daga tsani ya karye a ƙafa. Aka kwantar da shi a bene, aiki ya faɗo hannun suruki.

"Firmin!" tsoho ya ƙwala kira daga sama. "Ƙwayar kusbara cikin tafi ɗaya, a ɓarza ta kawai. Busasshen ɓawon lemu mai ɗaci, rabin tafi. Kada ka ƙara kome, kada ka rage kome. Ka ji ni?"

"Baba, ku kwanta ku huta. Ilimi ya shigo gidan nan."

"Shi nake tsoro!" in ji tsoho.

To, ga abin da babu wanda ya sani. Daidai wannan satin mura ta kama Sarkin Hanci, ta toshe masa ƙofofin nan biyu ƙam, ko da za a ƙona tsumma a gabansa ba zai ji ba. Sai dai mutumin da ya gina sunansa a kan hanci ba ya fitowa ya ce hancin ya tafi hutu. Ya shinshina ƙwayar kusbara, shiru. "Ta tsufa," ya ce a ransa. Ya zaga lambu ya tumɓuke ɗanyen ganyenta dami guda, ya antaya a tukunya.

Leontine ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙugu. "Firmin, ƙwaya Baba ya ce, ba ganye ba. Ba ka jin warin kuɗin cizo?"

"Mace, a Brasels wannan shi ake kira ƙamshi mai zurfi."

"Zurfin kuwa ya kai ƙarƙashin gado."

Ya shinshina busasshen ɓawo, nan ma shiru. Ya sayo ɗanyen lemu kwando ɗaya ya yayyanka, da farar tsokar da 'ya'yan, ya zuba. Ya sake kai hanci: shiru kake ji. Sai ya shiga buɗe gwangwanayen matarsa, kanumfari, kirfa, citta, masoro, duk abin da hannu ya kai. Da an ba shi kwana ɗaya ƙari, da gishirin ma bai tsira ba.

Da giya ta nuna ya ɗebo a kofin gilashi, ya ɗaga ta sama, ya ga gajimare. Nan fa likita ya tashi.

"Dauɗa! Shekara goma sha ɗaya ana shayar da mutane dauɗa!"

"Wannan gajimaren shi ne ranta," in ji Leontine. "Don shi ake ce mata fara. Ko jaririn garin nan ya san sai an juya kwalba an zubo na ƙasan."

"Shi ya sa jariran garin nan ba su zama likitoci ba."

Ya ɗauko ƙyallen teburin da aka yi wa Leontine gara da shi ranar aure, ya tace giya sau bakwai, har ta fito garau. Launinta ba zan faɗi abin da ya yi kama da shi ba, domin ni mace ce mai mutunci. Masu dawaki dai za su gane. Ɗanɗanawa kuwa bai yi ba. A cewarsa, ɗanɗano aikin 'yan koyo ne.

Ranar biki aka tashi da rana mai daɗi, ita kuma mura ta yi sallama ta tafi. Firmin ya ja iska, ya ji ƙamshin burodi tun daga ƙarshen layi, ya ce lallai yau ranarsa ce. Aka ɗauko Odiel a kan kujera aka ajiye shi a gaba.

Al'adarmu ita ce, kowane gida ya kawo giyarsa a tulun ƙasa iri ɗaya, da alamar gidan an zana da alli a gindinsa. Tulun da ya yi nasara kaɗai ake ɗagawa a duba. Sauran a mayar da su ba a leƙa ba, domin a rufa wa kowa asiri. Kakanninmu sun san abin da suke yi.

Kafin Fada, wanda shi ne alƙalin gasar, ya kai hannu, Firmin ya kutso. "Fada, a bar masana su fara." Ya sunkuya kan tulu na farko, ya lumshe ido. "Madalla! Lemu a gaba, kusbara a baya, tsami daidai. Wannan hannun gwani ne. Ba sai na faɗi ko na wane ne ba." Ya shafa gashin baki, ya ƙifta wa matarsa ido.

Ya wuce na biyu da na uku yana taɓe baki. Da ya zo na huɗu, sai ya yi baya kamar wanda jaki ya harba.

"Wayyo hancina! Wane maƙiyin Allah ne ya dafa wannan? Kuɗin cizo ne aka jiƙa a ruwan sabulu, aka bi da maganin ciwon haƙori! Wanda ya yi wannan ba shi da hanci, ba shi da kunya, ba shi da mai gaya masa gaskiya a gida!"

"Yana da ita," in ji Leontine a hankali.

"Fada, a ɗaga tulun nan!"

"Ɗana, ba a ɗaga na wanda ya faɗi. Ka bar wa mutum rigarsa."

"Wace riga? A ɗaga, a kira sunansa, ya tsaya a nan ya shanye abinsa har ɗigon ƙarshe, ya zama darasi! Jama'a, ko ba haka ba?"

Jama'a, waɗanda tun sati biyar suke toshe hanci in sun bi ta ƙofar Odiel, suka amsa da murya ɗaya: "Haka ne, Dokta!" Ranar ce kaɗai aka taɓa kiransa da sunan.

Fada ya ɗanɗana duka, ya fara ɗaga tulu na farko, wanda ya yi nasara: alamar agwagwa, gidan bazawara Godelieve ta bakin gada. Ta share hannu a jikin zanenta ta karɓi muciya. Sannan ya ɗaga na huɗu sama da hannu biyu, yadda har na baya za su gani. Zakaran gidan Odiel ne, zanen hannun Firmin, har da ƙarin gashin baki da ya yi masa don ado.

Tsoho Odiel ya dubi muciya tana tafiya a kafaɗar Godelieve, ya dubi surukinsa. "Fada, a ba shi babban kofi. Kuma kada a bar shi ya tace."

Kofi tara ne a tulun. Firmin ya sha yana hawaye, dandali na ƙirga masa da tafi. A na shida ya juya wajen matarsa, fuska ta koma kore.

"Leontine, ki ce wani abu mana!"

Ta cika masa na bakwai har baki, ta miƙa masa da ladabi.

"Sha, maigida, ai ka yi nasara. Shekara nawa kana neman garin nan ya yarda hancinka ba ya ƙarya? Yau ko mutum ɗaya bai musa ba."