Yadda Na Yi Ban Kwanan Tafiya Benin

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara matan unguwarmu a Dungas ina neman gafararsu ba, wai zan tafi Benin neman magani.

Abin ya faro ne daga wani ƙullutu da na ji a mamana na hagu ina wanka. Ba ya ciwo, amma ya hana ni sukuni, don gwaggota ciwon daji na mama ne ya yi ajalinta. Maigidana, Malam, ya ɗora ni a moto sai asibitin Magariya. Likita ya duba, ya sa allura ya ɗebi 'yar tsoka, aka aika Damagaram. Da sakamako ya fito ni kaɗai na koma, Malam yana kan yankan gero.

Likitan nan Bazabarme ne, Hausarsa ba ta nuna ba. Ya tambaye ni ko ina jin Faransanci, ko ya kira mai fassara. Ni kuwa (da na bar lakwal, wato makarantar boko, tun ina aji huɗu) na gyara zama na ce, "Wi, dokter." Sai ya yi murmushi ya ce, "Madam, se benin." Daga nan ya yi ta zuba, ina ta "wi, wi". Kalma ɗaya na kama: Benin. Na ce a raina ciwon ya fi ƙarfin Damagaram, ya fi ƙarfin Yamai, sai Kwatano ta ƙasar Benin. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne murmushinsa. Wane irin mutum ne zai tura ka bakin teku ka mutu yana washe baki?

Kafin la'asar labari ya game gari. Malam ya yi tagumi yana shawarar sayar da san nomansa. Washegari mata suka cika tsakar gida, ana koke-koke. Na yafe wa kowa, har maƙwabciyata Laure da akuyarta ta cinye mini shukar wake. Wata tsohuwa ta share hawaye ta raɗa mini, in Allah ya sa na tashi, in taho mata da atamfa, an ce ta can da araha.

Ana cikin haka ƙanwar Malam, Hadiza, mai aikin jinya a Mallawa, ta sauko daga kabu-kabu a ruɗe.

"Yaya, me likitan ya ce daidai? Faɗa mini da bakinsa."

"Cewa ya yi, se benin."

Sai ta dafe bango, kafaɗunta na rawa. Na ɗauka kuka take.

"Yaya, ba ƙasar Benin ba! Da Faransanci, benin yana nufin ƙullutun ba na daji ba ne!"

Nan take dariya ta ɓarke a tsakar gida. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Laure har da tambaya ko yafiyar akuya tana nan.

Hadiza ta buga wa likitan waya, ta dawo ta zaunar da ni. Wai irin nawa, ko da ba daji ba ne, masu shi sun ɗan fi sauran mata haɗarin kamuwa nan gaba, ga kuma tarihin gwaggo. Dole in riƙa komawa ana dubawa.

"To ina da shi ne ko ba ni da shi?"

"Ba ki da shi."

"To me zan je yi?"

"Don kada ya zo ba ki sani ba."

Har yau ban gama gane yadda mutum zai zama lafiyayye kuma abin sa ido ba. Amma duk lokacin da aka sa mini ina zuwa, ko da ruwa ake. A unguwa sunana ya koma Hajiyar Kwatano, yara ma haka suke gaishe ni.

Yanzu ko sannu likita ya ce mini da Faransanci, sai na ce a kira mai fassara. Gara a ce ban yi lakwal ba da a sake zaman makokina ina zaune ina raba wa mutane goro.